Yadda Ake Sa Ido kan Iskar Rana da Maganaɗisun Duniya

Dare da rana, ba hutu, rana tana fesa wani siririn hayaƙi na ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, akasarinsu furoton da ilektaron. Shi ake kira iskar rana. Tana tafe da ɗan maganaɗisun rana a cikinta, kuma idan ta iso nan sai ta ci karo da garkuwar maganaɗisun da ta lulluɓe duniya. Abin da ke fitowa daga wannan karo shi ne yanayin sararin samaniya: wata rana lafiya lau, wata rana kuma guguwar da ke rikita GPS, ta shaƙe rediyon gajeren zango, ta cusa baƙon lantarki cikin manyan layukan wuta. A ranar 13 ga Maris 1989 irin wannan guguwa ta durƙusar da wutar lardin Kwibek na Kanada cikin kimanin daƙiƙa 90, mutum miliyan 6 suka kwashe sa'a 9 a duhu.

Mai son bin wannan lamari yana buƙatar abu biyu: iya karanta ma'aunan da kumbuna ke aikowa daga sama, da kuma tabbatar da abin da ya karanta a kan ƙasar da yake tsaye. Yawancin masu farawa gudun iskar suke zuba wa ido, suna ganin ya haura sai hankalinsu ya tashi. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Inda maganaɗisun cikin iskar ya fuskanta, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana fuskantar can, su ne ke yanke hukunci.

Inda ake auna iskar

Akwai wani wuri tsakaninmu da rana, nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, da ake kira L1. Kumbon da aka ajiye a can yana zagaya rana tare da mu, kullum yana gabanmu kamar ɗan leƙen asiri. Wind yana sama tun 1994, ACE tun 1997, DSCOVR tun 2015. Cibiyar hasashen yanayin samaniya ta hukumar NOAA ta Amurka, wato SWPC da ke Bolda a jihar Kolorado, tana wallafa ma'aunan kyauta a swpc.noaa.gov, a shafin da ta sa wa suna Real-Time Solar Wind. Sabon awo yana shigowa kusan kowane minti.

Ka fara da sanin yawan lokacin da kake da shi. Raba 1,500,000 da gudun iskar, za ka sami daƙiƙoƙin da suka rage kafin abin da kumbon ya gani ya iso. Idan gudun kilomita 400 ne a daƙiƙa, kana da minti 62. Idan 800 ne, minti 31 kacal. Iyakar gargaɗin da ya tabbata ke nan. Duk abin da ya wuce haka hasashe ne.

Agogon shafin UTC ne. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna ƙara sa'a 1, Sudan sa'a 2, Ghana ba ta ƙara komai. Ka rubuta komai da UTC tun ranar farko, domin cakuɗa agogo biyu a littafi ɗaya shi ne kuskuren da ya fi ɓata aikin watanni.

Layukan da za ka gani

Ka buɗe zanen a kan kwana 1 ko kwana 3. Na sa'a 2 yana sa ƙaramin motsi ya yi kama da babban abu.

Layin Bt shi ne jimillar ƙarfin maganaɗisun iskar, ana auna shi da nanotesla, a taƙaice nT. A ranar lafiya yana wajen 5. Ya wuce 10, ka mai da hankali. Ya wuce 20, lallai wani abu ya iso. Gudu kuwa yana tsakanin 300 da 400 idan iskar ta lafa, yana kai 700 zuwa 800 idan ta fito daga ramin korona, wato wani wuri a sararin da ke kewaye da rana inda maganaɗisu ya buɗe, iska ke kuɓucewa da sauri. Cunkoso, wato yawan furoton a cikin murabba'in santimita guda mai tsawo da faɗi da zurfi, yakan tsaya wajen 5. Zafi yana kusa da digiri 100,000 a ma'aunin Kelbin. Akwai kuma kusurwar Phi, wadda ke nuna ko maganaɗisun yana fuskantar rana, wajen digiri 315, ko yana ba ta baya, wajen digiri 135.

Sai Bz, sarkinsu duka. Shi ne ɓangaren maganaɗisun iskar da ya miƙe arewa ko kudu. A gefen duniya da ke kallon rana, maganaɗisunmu arewa yake fuskanta. Idan na iskar ma arewa ya nufa, wato Bz na da alamar ƙari, garkuwar takan kasance kusan a rufe, iskar ta kewaye ta wuce kamar ruwa ya sami dutse. Idan ya juya kudu, alamar ragi, sai layukan biyu masu kishiyantar juna su haɗe, ƙofa ta buɗe, ƙarfin iskar ya riƙa kwarara ciki. Ka tabbata zanen yana kan tsarin GSM, wanda aka daidaita da sandar maganaɗisun duniya. Tsarin GSE yana iya nuna maka Bz kusa da sifiri alhali ƙofar a buɗe take.

Tsawon lokaci yana da nauyi daidai da zurfi. Bz da ya faɗa −20 na minti biyar ya dawo ba ya yin wani abin kirki. Wanda ya zauna a −10 na sa'a huɗu kuwa zai tayar da ƙura. Ƙa'idar da Gonzalez da Tsurutani suka fitar a 1987 har yau tana aiki: Bz ƙasa da −10 nT na fiye da sa'a 3 yakan haifar da guguwa mai tsanani.

Lissafi biyu za su taimake ka, kuma wayar hannu ta isa. Na farko: ninka gudu da zurfin Bz na kudu, ka raba da 1,000. Amsar ita ce ƙarfin turin lantarkin da iskar ke yi wa garkuwar, a milibolt kowace mita. Gudu 400 da Bz −2 ya ba da 0.8, ba komai. Gudu 600 da Bz −15 ya ba da 9, guguwa sosai, domin 5 da ya ɗore sa'o'i ma ya isa. Gudu 750 da Bz +10 kuwa sifiri za ka rubuta, duk da cewa iskar tana tsala gudu. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Na biyu shi ne matsi: ninka cunkoso da gudu, ka sake ninkawa da gudu, sannan da 0.00000167. Cunkoso 5 da gudu 400 ya ba da kusan nanofaskal 1.3. Cunkoso 30 da gudu 700 ya haura 24. A ranar lafiya goshin garkuwar yana nisan ninki 10 na rabin faɗin duniya. Matsi irin na biyun yana iya danno shi zuwa wajen ninki 6.6, daidai inda taurarin sadarwa irin su NigComSat-1R suke tsaye, sai su wayi gari a waje, iskar na dukansu kai tsaye.

Gane wace iri ce ta iso

Abu biyu ne ke kawo yawancin guguwa, kuma sawunsu a kan zane daban yake.

Na farko iska mai sauri ce daga ramin korona, wadda ke cim ma mai tafiyar hawainiya ta danne ta. Jerin alamunta ba ya canzawa sosai: cunkoso ne ke fara tashi, Bt ya biyo baya, sannan gudu da zafi su hau a hankali cikin rabin yini ko yini, cunkoson kuma ya faɗi ƙasa warwas. Phi yakan juya daga wannan ɓangare zuwa wancan a kusa da lokacin. Bz ba ya zama wuri ɗaya, sai lilo sama da ƙasa. Guguwar takan zama ƙarama ko matsakaiciya, amma tana iya jan kwanaki. Daɗin sha'ani da ita shi ne tana da alƙawari: rana tana juyawa sau ɗaya cikin kimanin kwana 27 a ganinmu, ramin kuma yana iya yin watanni, don haka ka ƙirga 27 daga yau ka sa alama a kalanda. Ka haɗa da wata: a Maris da Afrilu ɓangaren da ke fuskantar rana ne ke karkata Bz kudu, a Satumba da Oktoba kuma mai ba ta baya. Russell da McPherron suka bayyana dalilin a 1973, kuma yana cikin abin da ya sa guguwa ta fi yawa a waɗannan watanni.

Na biyu shi ne aman rana, wanda shafuka ke rubutawa CME: wani ƙaton curi na ƙwayoyi da maganaɗisu da rana ke tofarwa lokaci guda. Idan mai sauri ne, isowarsa ba ta ɓuya. Bt, gudu, cunkoso da zafi duk za su yi tsalle tare cikin minti ɗaya ko biyu, layukan su miƙe tsaye kamar bango. Bayan bangon akwai sa'o'i na hargitsi, Bz na ta bugawa ko'ina. Sannan, idan tsakiyar curin ta same mu, komai zai yi santsi: Bt ya tsaya a sama, zafi ya faɗi ƙasa da yadda gudun ya kamata ya ba da, maganaɗisun ya riƙa juyawa a hankali na kusan yini guda. Wannan sashe mai santsi shi ya fi haɗari, kuma shi ne kaɗai wurin da za ka iya hangen gaba. Idan ya fara da arewa yana gangarowa sannu a hankali, ka sa ran kudu na tafe cikin sa'o'i. Mutane da yawa sukan rufe shafin a nan, suna cewa ta wuce, alhali somin taɓi ne suka gani.

Ranar 10 ga Mayu 2024 darasi ce da ya kamata kowane mai koyo ya sauke bayananta ya yi nazari. Amai da dama daga tabon rana mai lamba 3664 suka hau kan juna. Bangon ya bugi duniya wajen ƙarfe 5 na yamma UTC, wato 6 na yamma a Kano da Yamai. Bt ya haura 70, Bz ya gangara kusa da −50, aka sami guguwa mai matakin G5, mafi tsanani a ma'aunin G1 zuwa G5, ta farko tun Oktoba 2003. Manoma a Amurka suka tsayar da shuka saboda taraktocinsu masu bin GPS sun daina riƙe layi. Za ka sami ma'aunan a rumbun OMNIWeb na NASA. Hattara da abu biyu a can: an riga an matsar da lokacin zuwa gaban garkuwar duniya, don haka kada ka sake ƙara jinkirin L1, kuma inda babu awo ana cike gurbin da lambobi irin 9999.99 ko 99999.9. Idan ba ka cire su kafin ka ɗauki matsakaici ba, lissafinka ya tashi a banza.

Na'urorin kumbo ma suna yin ƙarya. Lokacin ambaliyar furoton masu ƙarfi, na'urar auna gudu ta ACE takan rikice ta nuna gudu ƙasa da gaskiya, kamar yadda ya faru a Oktoba 2003. Idan cunkoso ya yi ƙasa sosai, awon gudu da zafi yakan yi rawa. Ƙa'ida mai sauƙi: tsallen da ya bayyana a layi ɗaya kaɗai, sauran ba su motsa ba, ka zarge shi tukuna.

Leƙa rana kanta

Don samun gargaɗin kwanaki maimakon mintuna, sai ka dubi tushen. Hoton kumbon SDO a zangon 193 yana nuna ramukan korona baƙi ƙirin. Ramin da ya kai tsakiyar faifan rana, iskarsa takan iso bayan kwana 2 zuwa 4. Hotunan LASCO na kumbon SOHO suna rufe faifan don a ga amai. Wanda ya fita gefe ɗaya yawanci ba namu ba ne. Wanda ya bazu ya kewaye rana kamar zobe, ko dai mu ya nufo ko kuma ya ba mu baya, sai ka duba ko an ga fashewa a fuskar da ke kallonmu a daidai lokacin. Nisan rana kilomita miliyan 150 ne: gudu 1,000 ya ba da kusan sa'a 42, gudu 500 kwana uku da rabi. Mai sauri yakan rage gudu a hanya, shi ya sa hasashen WSA-Enlil da SWPC ke wallafawa yakan kuskure da wajen sa'a 10 gaba ko baya. Kuma babu hoton da zai gaya maka Bz ɗin da ke ciki. Sai ya taɓa L1.

Walƙiyar rana daban ce, kada a haɗa su. Haskenta yana isowa cikin minti 8 da daƙiƙa 20, ba gargaɗi. Taurarin GOES ke auna ta da haruffa A, B, C, M, X, kowane harafi ninki goma na wanda ya gabace shi. Daga M1 zuwa sama tana fara shanye rediyon gajeren zango a gefen duniya da rana ke haskawa, ƙananan mitoci su fara mutuwa. Tasha ta ɗauke ɗif da tsakar rana a duk zangon, ta dawo bayan rabin sa'a ko sa'a: kafin ka kwance rediyon, duba layin GOES.

Ma'aunan ƙasa

Kp, ma'aunin rikicewar maganaɗisun duniya, shi ne wanda kowa ya sani. Julius Bartels ya ƙirƙiro shi a 1949, cibiyar GFZ ta Fotsdam a Jamus ke fitar da shi, daga 0 zuwa 9, kowace sa'a 3. Kp 5 shi ne G1, har zuwa Kp 9 da yake G5. Amma tashoshi 13 da ake haɗa shi da su suna Turai, Arewacin Amurka, Ostareliya da Niyuzilan. Ko ɗaya babu a Afirka. Yana gaya maka ko maganaɗisun duniya gaba ɗaya ya girgiza, ba ya gaya maka abin da ke faruwa a samanka.

Dst ya fi kusa da mu. Cibiyar Kiyoto ta Japan ke haɗa shi kowace sa'a daga tashoshi huɗu: Kakioka, Honolulu, San Juan da Hermanus ta Afirka ta Kudu. Yana auna wani zoben lantarki da ke kewaye duniya lokacin guguwa, wanda ke rage ƙarfin maganaɗisu a ƙasashe masu zafi. Daga −50 zuwa −100 matsakaiciya ce, ƙasa da −100 mai tsanani. Ta Maris 1989 ta kai −589, ta Mayu 2024 ta wuce −400. Ɗan'uwansa SYM-H yana fitowa kowane minti.

Na'urarka a ƙasa

A nan ne mazaunin arewacin Najeriya yake da abin da mai zama a Turai ba shi da shi. Ikwaitan maganaɗisu, layin da allurar maganaɗisu ke kwanciya shimfiɗe ba ta karkata sama ko ƙasa, yana ratsa ƙasar wajen digiri 10 zuwa 11 arewa, kusa da Kaduna da Zariya. A saman wannan layi, tsayin kilomita 100 da ɗoriya, wani kogin lantarki yana gudana zuwa gabas da rana, faɗinsa kimanin digiri 3 kowane gefe. An fara lura da tasirinsa a Huancayo ta Peru, Sydney Chapman ya raɗa masa suna equatorial electrojet a 1951, Farfesa Cyril Onwumechili kuma ya shafe shekaru yana nazarinsa tun daga Ibadan. Jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa na'urorin MAGDAS a Abuja, Ilori da Legas saboda shi. Tashoshin awo a wannan yanki na duniya ba su da yawa, don haka na'ura mai tsabta a makaranta ko kwaleji aiki ne mai daraja.

Wayar hannu ba za ta yi ba; kamfas ɗinta ba ya jin abin da bai kai nT 100 ba. Zaɓi biyu ne masu sauƙin kuɗi. RM3100 na kamfanin PNI yana auna kusurwa uku, yana aiki da bolt 3.3, kowane mataki nasa wajen nT 13 ne a saitin 200, kuma idan ka ɗauki matsakaicin awon minti guda za ka sauko zuwa 'yan nT kaɗan. FLC 100 na Stefan Mayer kusurwa ɗaya yake aunawa, yana cin bolt 5, yana ba da bolt 1 a kan kowane nT 50,000. Maganaɗisun yankinmu yana wajen nT 33,000 zuwa 34,000, wato kusan bolt 0.67. Haɗa shi da ADS1115, ɗan abin da ke mai da bolt zuwa lamba, a saitin bolt 1.024, kowane mataki zai zama kusan nT 1.6. Sauran kaya: ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, ƙaramin ma'aunin zafi da za a manna a jikin na'urar, bututun roba na ruwa mai inci 2 ko 3 da murafensa, wayar intanet mai jijiya takwas, da batir. Saƙon I2C, wato hanyar da na'urar ke magana da kwamfutar, ba ya tafiya nisa, sai ka sa PCA9615 mai ƙara masa nisa a kowane ƙarshen wayar, ko ka ajiye ƙaramar kwamfutar 'yan mitoci daga ramin.

Zaɓen wuri ya fi zaɓen na'ura muhimmanci. Ka nisanci hanyar mota, kwanon rufi, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, janareta da ginin da ke da rodi, aƙalla mita 30. Tasirin ƙarfe yana raguwa da sauri: ninka nisa sau biyu, ya ragu sau takwas. Ƙarfen da ba ya motsi ba shi da matsala sosai. Mai motsi ne bala'i, kamar babur da ake jinginawa a bango ɗaya kowace safiya.

Haƙa rami mai zurfin santimita 70 zuwa mita 1. Dalili shi ne zafi: saman ƙasa yana iya bambanta da digiri 20 ko fiye tsakanin asuba da azahar, musamman da hunturu, na'urar kuma tana bin zafi ta nuna canjin da babu shi. A zurfin rabin mita wannan hawa da sauka na yini ya kusa ɓacewa. Kafe na'urar a cikin bututun da roba ko tagulla, kada ƙusa ko noti na ƙarfe ya kusance ta. Gwada kowane abu da mayen ƙarfe kafin ka sa. Zuba 'yan ƙunshin tsotse danshi irin na cikin kwalin takalmi, ka liƙe murfin sosai. Wayar ma ka sa ta cikin bututu, saboda gara da ɓeraye.

Wajen saiti, kwantar da na'urar daidai, ka juya ta a hankali. Mai kusurwa uku: juya har kusurwar gabas ta nuna sifiri, ta arewa ta kama dukan ƙarfin. Mai kusurwa ɗaya: juya har awon ya kai ƙololuwa. Wannan ɓangaren kwance mai fuskantar arewa shi ake kira H. Mun yi sa'a a nan, domin maganaɗisunmu a kwance yake, ƙaramar karkata ba ta taɓa H sosai. Amma karkatar kashi ɗaya cikin goma na digiri tana sa kusurwar gabas ko ta tsaye ta yi tsallen wajen nT 58. Don haka idan ka ga waɗannan biyun suna tafiya a hankali bayan ruwan farko, ƙasa ce ke zama, ba sama ba. Ka ba ramin mako biyu kafin ka amince da shi.

Ɗauki awo kowace daƙiƙa, ka adana matsakaicin kowane minti tare da zafi da lokacin UTC. Raspberry Pi na da ba shi da agogon da ke riƙe lokaci idan wuta ta ɗauke, sai ka ƙara masa ƙaramin agogo mai batir ko na'urar GPS.

Abin da za ka gani a ranar lafiya shi ne tudu: H a kwance da dare, ya fara hawa bayan fitowar rana, ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe 11 zuwa 12 agogon gida, ya sauko kafin magariba. Tsayin tudun yakan kama daga wajen nT 50 zuwa sama da 100, yana canzawa kullum. Wata rana zai nutse ƙasa da layin dare da safe ko da la'asar, alamar kogin ya juya yamma. Layin tushe kuwa shi ne matsakaicin awon tsakar dare na kwanakin da GFZ ta lissafa a matsayin mafi lafawa a watan. A ranar guguwa za ka ga H ya yi tsalle sama farat ɗaya lokacin da bangon ya iso, sannan ya gangara na sa'o'i, sannan ya farfaɗo a hankali cikin kwanaki. Ɗora zanenka na dare a kan SYM-H. Idan sun bi juna, na'urarka ta ci jarrabawa. Gani ya kori ji.

Akwai tarko guda da ya fi kowanne yaudara a ƙasashenmu: sola. Amfiya 1 na lantarkin batir a waya guda yana haifar da nT 200 a nisan mita 1, amfiya 10 kuma nT 100 a nisan mita 20. Idan wayar zuwa da ta dawowa suna manne da juna, tasirinsu yana kashe juna. Idan an raba su a kan rufi, sun zama zobe mai fitar da maganaɗisu. Lantarkin faifan sola yana tashi da safe, ya kai ƙololuwa da tsakar rana, ya mutu da yamma, sak tudun da kake nema. Gwajin ba wuya: da tsakar rana ka katse faifan na minti biyar. Idan layin H ya yi mataki, ka murɗe wayoyin biyu tare ko ka matsar da ramin. Haka kuma tudun da ke raguwa duk lokacin da hadari ya rufe rana ba na sama ba ne. Matakai masu kaifi a lokaci ɗaya kullum kuwa, nemi famfon rijiyar burtsatse ko inbata.

Don ware kogin shi kaɗai daga sauran abubuwa, kana buƙatar tasha ta biyu mai nisan digiri 6 zuwa 9 daga ikwaitan maganaɗisu, a kusan layin agogo ɗaya. Cire canjin H nata daga naka. Zoben guguwa yana taɓa ku kusan daidai, sai ya fita, kogin ya rage. Rumbun INTERMAGNET yana ba da bayanan tashoshi irin su Tamanrasset ta Aljeriya da Mbour ta Senegal kyauta, kuma ko da ba su cika wannan sharaɗi daidai ba, sun isa ka kwatanta siffar guguwa.

GPS bayan magariba

Masu safiyo da masu tuƙa jirage marasa matuƙi su lura da wannan sosai. Bayan faɗuwar rana, sararin ayonosfiya, wato ɓangaren sama mai cike da ƙwayoyin lantarki, da ke saman ikwaitan maganaɗisu yakan tashi sama ya tsattsage, a sami kumfa-kumfa marasa ilektaron da ke miƙewa arewa da kudu. Saƙon tauraro da ya ratsa su sai ya riƙa ƙyaftawa, na'ura ta saki tauraron. Lokacinsa daga wajen ƙarfe 8 na dare zuwa tsakar dare ne, ya fi yawa a Maris, Afrilu, Satumba da Oktoba, kuma ya fi tsanani a shekarun da rana ke kan ganiyarta, kamar 2024 a zagaye na 25 da ya fara a Disamba 2019. Yana faruwa ko Kp yana 1. Guguwa tana iya ƙara shi, tana kuma iya hana shi, ya danganta da lokacin da ta bugo. Wanda ya dogara da Kp kaɗai zai ga komai lafiya a shafi, awonsa kuma ya kauce.

Idan kana da na'ura mai kama zangon GPS biyu, L1 (ba wurin kumbon nan ba) mai megahaz 1575.42 da L2 mai 1227.60, za ka iya lissafa yawan ilektaron da ke kan hanyar saƙon. Da TECU ake auna wannan yawan, kuma kowane TECU guda yana ƙara kuskuren santimita 16 a zangon farko. Ɗauki canjinsa kowace daƙiƙa 30, ka lissafa yadda yake warwatsuwa cikin minti 5. Wannan shi ne ROTI, kuma ya wuce 0.5 akwai kumfa a sama. Ka cire taurarin da ke ƙasa da digiri 30 daga doron ƙasa, domin gine-gine da bishiyoyi suna kwaikwayon wannan alama. Aikin da ke buƙatar daidaiton santimita a yi shi da safe, a rubuta lokacin UTC na kowane awo, domin a iya komawa a duba Bz da H na wannan sa'a idan lambobin sun ƙi haɗuwa.